George Washington Carver: malamin gonan talakawa

A filinmu na tarihin mutanen da suka shuɗe, yau za mu tsallaka teku zuwa Amurka, mu ɗauko labarin wani baƙar fata da aka haifa cikin bauta, ya kuma ƙare rayuwarsa yana koya wa ƙananan manoma yadda za su farfaɗo da gonar da ta gaji. Sunansa George Washington Carver, ya rasu a 1943.

Wani zai ce, to me ya haɗa mai garka a Tabelot, ko Timiya, ko Dabaga, da mutumin jihar Alabama? Ai tambaya ɗaya ce ta haɗa su. Mai albasar da ya ga buhun taki ya yi tsada, ko ya ga bana ya zuba fiye da na bara amma amfanin ya ragu, abin da ke ransa shi ne: me ƙasar nan take nema, kuma da me zan biya mata? Wannan tambayar ce Carver ya yi shekara 47 yana fama da ita. Duniya dai ta fi saninsa da sunan mutumin gyaɗa, amma kamar yadda za ku ji, gyaɗa ta zo daga baya ne, ta kuma rufe babban aikin.

An haife shi wajajen 1864 a wata gona kusa da ƙauyen Diamond, cikin jihar Missouri. Mahaifiyarsa Mary baiwa ce, mai gonar Moses Carver ya saye ta a 1855 a kan dala 700. Yana jariri, lokacin yaƙin basasar Amurka, wasu mahara suka dira gidan da dare, suka sace shi tare da mahaifiyar, suka nufi jihar Arkansas. Moses ya tura wani mutum ya bi sawunsu. Jaririn kaɗai aka samo, rai a hannun Allah, aka sallami mai neman da dokin sukuwa. Ita kuwa Mary ba a sake jin ɗuriyarta ba. Da aka soke bauta a 1865, Moses da matarsa Susan suka ci gaba da riƙon George da wansa Jim.

Yaro ne marar ƙoshin lafiya, ba ya iya aikin ƙarfi, don haka aka bar shi wajen aikin cikin gida da kula da ƴar garkar bayan ɗaki. A nan ya koyi wanki da girki da saƙa, sana'o'in da suka ciyar da shi shekaru masu yawa. A nan kuma aka fara lura da hannunsa a kan tsirrai, har maƙwabta suka riƙa kawo masa shukarsu idan ta yi yaushi, suna kiransa likitan tsirrai.

Makarantar ƙauyensu ba ta karɓar baƙar fata. Yana da shekara 11 ko 12 ya taka zuwa garin Neosho, tafiyar kilomita 13, inda akwai makarantar ƴaƴan baƙaƙe, wata ungozoma mai suna Mariah Watkins ta ba shi masauki. Daga nan ya shiga yawon neman ilimi gari-gari, yana wanki da guga yana biyan kuɗin karatu. A 1879, a garin Fort Scott na jihar Kansas, ya ga da idonsa taron fararen fata sun kashe wani baƙar fata a bainar jama'a, nan take ya tattara ya bar garin. Wata kwaleji a garin Highland ta ɗauke shi ta hanyar wasiƙa, da ya iso suka ga launin fatarsa suka ce babu wuri. A 1886 ya kama fili a yammacin Kansas, ƙasa mai iska da ƙarancin ruwa, babu itace, ya gwada noma da kansa. Bai yi arziki ba, bayan ƴan shekaru ya bar filin. Amma ya ɗanɗana abin da manomi yake ji idan ya shuka sama ta ƙi, kuma ba kowane mai digirin noma ne ya taɓa ɗanɗana wannan ba.

A 1890 ya shiga kwalejin Simpson a jihar Iowa don ya koyi zane da kiɗan piyano. Malamarsa ta zane, Etta Budd, ta ga kullum furanni da ganyaye yake zanawa, ta kuma san zane ba zai ciyar da baƙar fata ba a wancan zamani, sai ta ba shi shawara ya koma kimiyyar tsirrai. A 1891 ya shiga kwalejin aikin gona ta Iowa da ke garin Ames, shi ne baƙar fata na farko a cikinta. Ya sami digirin farko a 1894, na biyu a 1896, ya ƙware a kan cututtukan tsirrai.

Ƙasar da auduga ta cinye

A shekarar 1896 ɗin ne Booker T. Washington, shugaban makarantar baƙar fata ta Tuskegee a jihar Alabama, ya rubuto masa ya zo ya riƙe sashen noma. Carver ya bar Iowa, inda ƙasa take baƙa mai maiƙo kuma yana da aiki da kayan bincike, ya gangaro kudu a watan Oktoba. Abin da ya tarar ya girgiza shi. Shekara da shekaru ana shuka auduga a fili ɗaya, ana share ciyawa ƙal tsakanin kunya da kunya, a bar ƙasa tsirara. Yanki ne mai ruwan sama da yawa, don haka kowace damina ruwa yana kwashe saman ƙasa, ya bar yashi da jan yumɓu da kwazazzabai. Ana ƙone karan da ya rage, irin audugar ma ana sayar wa masu matsar mai. Kullum ɗiba ake yi, ba a mayarwa.

A makarantar ma babu ɗakin gwaje-gwaje. Shi da ɗalibansa suka bi juji suna tsintar kwalabe da tsofaffin tukwane da wayoyi, da su suka haɗa kayan awo na farko. A 1897 majalisar jihar Alabama ta amince a buɗe tashar gwajin noma a Tuskegee, da dala 1,500 a shekara. Tashar fararen fata da ke garin Auburn, a jiha ɗaya, tana samun dala 15,000 daga gwamnatin tarayya. Filin da aka ba shi kuwa bai wuce hekta 4 ba, kuma gajiyayye ne irin na maƙwabta. Wannan ya yi masa daidai, domin duk abin da ya yi kyau a filin nan, manomin da ke tsallaken shinge ba zai ce ai ƙasarsu daban ce ba.

Bari mu ɗan tsaya a kan ilimin da ya zo da shi, don shi ne har yau yake rubuce a jikin buhun takin da muke saye. Tun 1840 wani masani Bajamushe, Justus von Liebig, ya yaɗa bayanin cewa shuka tana cin wasu sinadarai ne daga ƙasa. Manya daga cikinsu uku ne: naitirojin, wanda masu Faransanci ke kira azot, shi ke sa ganye ya yi kore shar, fosforas, mai gina saiwa da ƙwaya, da potasiyam, mai ƙarfafa shuka ta jure ƙishi da cuta. Su ne haruffan NPK, kuma lambobin nan 15-15-15 suna nufin kashi 15 cikin ɗari na kowanne. Yuriya kuwa naitirojin ce zalla, kashi 46 cikin ɗari, babu sauran biyun a cikinta. Ƙa'idar da Liebig ya yi suna da ita ita ce, sinadarin da ya fi ƙaranci shi ke yanke yawan amfanin gona. Ku ɗauki gangar ruwa da aka huda a wuri uku: komai yawan ruwan da aka zuba, a daidai hudar da ta fi ƙasa zai tsaya. Idan fosforas gonarka ta rasa, ko buhu nawa na yuriya ka juye, ganye za ka samu, kuɗinka kuma ya tafi. Amfanin awon ƙasa ke nan, ya nuna maka wace huda ce ta ƙasa.

Carver ya yi wannan aikin ga duk wanda ya nema. Manoma suna kawo masa ƙasar gonarsu, wasu su aiko ta gidan waya, wasu su kawo ganyen da ya kamu da cuta ko ruwan rijiyar da suke zargi. Ya auna, ya ba da amsa cikin harshen da mai ita zai gane, ba ya karɓar ko kwabo. Ya kasa filin tashar gida-gida, wannan a zuba masa taki kaza, wancan kaza, wani a bar shi haka nan don a sami abin kwatance. Ƙasidunsa na farko-farko, na dankali a 1898 da na auduga a 1899, sakamakon gwajin takin zamani ne. Takin ya yi aiki kuwa, alƙaluma sun nuna.

Sai dai a nan ne ya ci karo da abin da ba a koya masa a Iowa ba. Manomin da yake yi wa bayani ba shi da kuɗin sayen takin. Wanda ya saya, bashi ya ci wurin mai kanti, da ruwa mai nauyi, za a cire da kaka kafin ya ga ko sisi. Idan damina ta yi gardama, taki ya tafi, bashi yana nan. Bugu da ƙari, a ƙasa mai yashi wadda ba ta da ruɓaɓɓen ganye a cikinta, ruwan sama yana wanke takin ya wuce da shi ƙasa kafin saiwa ta kama. Malamin gona da yawa a nan zai tsaya ya ce manoma ba sa jin magana. Carver kuwa shawarar ya sake.

Ya fara tambayar me ke kwance a kusa da manomi wanda ba a saye. Akwai laka baƙa a fadamu, akwai ganyen da ya zube a daji, akwai kashin alfadari da na kaji, da toka, da sharar gida. Ya koya musu su tara su hawa-hawa, laka da ganye da kashin dabba, a bar su su ruɓe, a kai gona lokacin da babu sauran aiki. Ya hana ƙone kara, ya ce a binne shi. Ya nuna yadda ake toshe bakin kwazazzabo da rassa da duwatsu tun yana ƙarami. A 1905 ya fitar da ƙasida sukutum a kan gyaran ƙasar da ta gaji, ya kuma sake komawa kan batun a 1936, yana tsoho. Bai ce takin zamani haramun ne ba. Abin da ya nace a kai shi ne a fara gina jikin ƙasa, sannan ɗan takin da aka iya saye ya sami wurin zama.

Abu na biyu shi ne wake. A 1886 wasu masana biyu a Jamus, Hellriegel da Wilfarth, suka tabbatar da cewa ƴan ƙulle-ƙullen nan da ke jikin saiwar wake da danginsa gidan wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, masu kamo naitirojin daga iska su ba shuka. Wato waken yana haɗa takinsa da kansa. Carver ya riƙe wannan da hannu biyu, ya ce a riƙa juya gona, bana auduga, baɗi wake ko gyaɗa, sannan dankali ko masara. Ya rubuta ƙasida a kan wake a 1903, shekara 13 kafin ya rubuta ta gyaɗa. Kuma ku san wane wake ake nufi: namu ne, wanda muke yin ƙosai da alale da shi. Daga Afirka ta Yamma ya tsallaka a jiragen bayi, har gobe kuma Najeriya da Nijar ne kan gaba a duniya wajen nomansa. Manomin Maraɗi ko Damagaram da ke sa wake tsakanin hatsi, ko yake barin gawo a tsakiyar gona, tun kaka da kakanni yake aiki da wannan ilimin, ko da bai san sunan sinadarin ba. Gawo ma ai dangin wake ne.

A nan sai mu yi hattara, mu mutanen Azbin, kada mu kwashi maganin Alabama mu zuba a garkarmu ido rufe. Ƙasar da ruwan sama ke wankewa kullum tsami take yi, shi ya sa a can ake ba ta farar ƙasa da toka. A wurin da ruwan sama ya yi ƙaranci, ana ban ruwa daga rijiya, rana kuma tana shanye shi, matsalar takan juya ta zama gishiri da kanwa, irin farin ɓawon nan da kan fito a bakin fangali. A irin wannan ƙasa toka mai yawa ƙara ciwo take yi, yawan taki ma yana ƙara gishirin. Da can da raƙumi ko sa ake jan ruwa, ruwan da ake ɗiba da iyaka. Yanzu injin ban ruwa ya faɗaɗa garake a bakin Telwa da sauran ƙoramu, albasa na bin albasa a fili ɗaya saboda ita ke kawo kuɗi. Ido kaɗai ba ya raba ganyen da ya yi rawaya don yunwa da wanda ya yi rawaya don gishiri. Ɗibar samfurin ƙasa ba wuya: a tona wurare da yawa warwatse cikin garka, zurfin kamar santimita 20, a haɗa a bokiti mai tsabta, a gauraya, a ɗebi rabin kilo, a shanya a inuwa, a rubuta sunan wuri da abin da aka shuka bara. Wuyar ita ce nisa, don ɗakin awon ƙasa na cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, a Yamai yake, kusan kilomita 1000 daga Agadas. Abin da mutum ɗaya ba zai iya ba, ƙungiyar masu garka za ta iya, ta tara samfur ta aika gaba ɗaya ta hannun malaman gona.

Makaranta a kan amalanke

Nisa ɗin nan shi ma Carver ya yi fama da irinsa. Ya lura cewa waɗanda suka fi buƙatar shawara su ne ba sa zuwa taron wata-wata da ya fara kira a makaranta tun 1897. Wasu ba su da abin hawa, wasu kunya suke ji, da yawa ba su iya karatu ba balle a ce ƙasida za ta amfane su. Sai ya riƙa ɗaura wa alfadari amalanke a ƙarshen mako, ya zuba iri da kayan aiki, ya bi ƙauyuka, ya tsaya a bakin majami'a bayan an tashi ibada ko a dandalin kasuwa. Ba lacca yake yi ba, nunawa yake yi da hannu: ga saiwar wake, ga ƙulle-ƙullen, ga ƙasar da aka ba ruɓaɓɓen ganye, ga wadda ba a ba ba, kowa ya damƙa ya ji.

Daga nan aka sami shawarar yin amalanke na musamman. Carver ya zana shi, wani attajirin New York mai suna Morris Jesup ya ba da kuɗi, ya fara yawo a 1906 ɗauke da garma da iri da kayan gwajin madara da sauransu. A watan Nuwamban shekarar, gwamnatin tarayya ta ɗauki wani ɗalibin Tuskegee, Thomas Campbell, ya riƙa tafiyar da shi, ya zama baƙar fata na farko da ya yi aikin malamin gona a ƙarƙashinta. Tsarinsu shi ne su sauka a gonar mutum ɗaya, a kira maƙwabta, a yi aikin a gonarsa a gaban kowa.

Bai manta da mata ba. Ya gane cewa manomi ba zai shuka abin da ba a saye a kasuwa ba sai in ana cinsa a gida, kuma mai tukunya ce ke yanke wannan hukunci. Abincin talakan kudu a lokacin masara ce da kitse da ruwan rake, har wata cuta mai lalata fata da ke zuwa daga cin masara zalla ta yi yawa. Shi ya sa cikin ƙasidu 44 da ya fitar, da yawa an kasa su ne: bayanin shuka ga manomi, ɗan ilimi ga malamin makaranta, sai hanyoyin girki da adanawa ga uwargida. Ta gyaɗa ta 1916 tana da hanyoyin sarrafawa 105, ta tumatir ta 1918 tana da 115. Har ƙasida ya yi a kan yadda za a shafe ɗaki da yumɓun yankin mai launi iri-iri, abin da maginan Agadas ba sa buƙatar a koya musu.

Ba waliyyi ba ne, kuma tarihi bai ɓoye ba. Bai iya shugabancin ofis ba. Rahotanni suna makara, kaji suna mutuwa a gonar makaranta, shi da Booker T. Washington sun sha musayar wasiƙu masu zafi, ya sha barazanar ajiye aiki. A 1910 aka karɓe ragamar sashen noma daga hannunsa, aka bar shi da bincike da tashar gwaji. Mutum ne mai son yabo, mai saurin jin an raina shi. Amma a aji da gona, ɗalibansa sun shaide shi.

Abin da awo bai iya gyarawa ba

To, duk wannan ya fitar da manoman daga talauci? Gaskiya ita ce, kaɗan ne suka fita. Dalilin kuwa ba a cikin ƙasa yake ba. A 1920 akwai manoma baƙar fata fiye da 900,000 a Amurka, kuma mafi yawansu ba su mallaki filin da suke nomawa ba. Noman raba-amfani suke yi: mai fili ya ba da gona da alfadari, mai kanti ya ba da abinci da taki bashi, da kaka a raba, a cire bashi, sau da yawa manomi ya tashi da saura a wuyansa. Mai fili da mai kanti auduga suke so, don ita ce kuɗi, ba su yarda a ba wake wuri ba. Mai littafin bashi farar fata ne, kotu tasa ce, baƙar fata kuma an hana shi ƙuri'a. Sannan ku duba wannan: gyaran ƙasa da laka da ganye yana ɗaukar shekara uku ko huɗu kafin ya nuna sosai. Wa zai yi wannan wahala a gonar da za a iya karɓewa baɗi, ko a ƙara masa kuɗin haya saboda ta gyaru? Waɗanda suka ci moriyar shawarar Carver sosai su ne masu ɗan filinsu na kansu. Saura kuwa, miliyoyi suka tattara suka nufi biranen arewa irin su Chicago da Detroit neman aikin masana'anta. Ƴan uwa da ke karanta mu daga Libiya ko Aljeriya ko Kano sun san irin wannan tafiya, kuma duk mai noma garkar aro ya san wannan lissafi.

Abin da ya karya mulkin auduga a ƙarshe wani ɗan ƙwaro ne mai huda ƙwallonta. Ya shigo Amurka daga Meziko a 1892, ya iso Alabama a 1910, ya riƙa cinye gonaki. Dole manoma suka nemi abin shukawa, da yawa suka koma gyaɗa. A watan Janairun 1921 ƙungiyar masu gyaɗa ta kai Carver gaban wani kwamitin majalisar dokokin Amurka, don a sa haraji a kan gyaɗar da ake shigowa da ita daga waje. Minti 10 aka ba shi. Ya buɗe akwatinsa ya fara fito da madarar gyaɗa da gari da alewa da sauran abubuwa, ƴan majalisar da suka fara da zolaya suka riƙa ƙara masa lokaci. Aka sa harajin, jaridu suka ɗauka, daga ranar ya zama mutumin gyaɗa.

Suna ya zo da ƙarin gishiri. An ce ya ƙirƙiro abubuwa wajen 300 daga gyaɗa, amma da yawansu girke-girke ne ko abubuwan da aka riga aka sani, ƙalilan ne suka shiga kasuwa, takardun mallakar ƙirƙira uku kacal ya yi rajista. Ba shi ya fara yin tunkuzar gyaɗar da Amurkawa ke shafa wa burodi ba, ko da yake har yau ana faɗa wa yara haka. A shekarun 1930 ya riƙa yi wa masu shan inna tausa da man gyaɗa, jama'a suka yi ta tururuwa, amma likitoci ba su sami shaidar cewa man yana warkarwa ba. Masu mulkin wariya ma sun ji daɗin nuna shi, tsoho mai tawali'u da tsohuwar kwat da fure a ƙirji, wanda ba ya maganar siyasa a fili.

Ita kanta gyaɗar, mu nan mun san iyakarta. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 aka yi dalar gyaɗa, Maraɗi da Damagaram ma suka rungume ta, har Nijar ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don cinikinta. Amma idan an tuge gyaɗa an kwashe ƙwaya, an kuma kwashe harawa an kai wa dabbobi ko kasuwa, abin da ya rage wa ƙasa kaɗan ne, fosforas ɗinta kuwa ya bi buhu ya tafi Turai. Gyaɗa bayan gyaɗa tana gajiyar da gona kamar yadda auduga bayan auduga ta yi. Carver juyi ya koyar, da mayar wa ƙasa abin da aka ɗiba. Binciken da aka yi daga baya a tashar ICRISAT ta Sadore, kusa da Yamai, ya bi irin hanyarsa ta duba aljihun manomi: tunda ƙasar hatsi a Nijar ta fi ƙarancin fosforas, kuma ba kowa ke iya sayen buhuna ba, sai a sa ɗan taki kaɗan, kamar giram 6 na 15-15-15, a cikin ramin shuka, maimakon a watsa shi ko'ina.

Carver bai taɓa aure ba. Ya zauna a ɗaki cikin makaranta, yana fita daji da asuba yana tsintar tsirrai, yana koyar da ajin Littafi Mai Tsarki ran Lahadi, don mutum ne mai riƙo da addininsa na Kirista. Ya sami lambar yabo ta Spingarn a 1923, ya yi abota da Henry Ford mai kamfanin motoci, wanda ya sa aka kafa masa na'urar hawa bene da ƙafafunsa suka yi rauni. Albashinsa bai cika taɓawa ba, a 1940 ya ba da abin da ya tara, wajen dala 33,000, aka kafa gidauniyar binciken noma a Tuskegee. Ya faɗi a matakala a ƙarshen 1942, bai sake murmurewa ba, ya rasu ran 5 ga Janairun 1943 yana da shekara 78 ko kusa da haka. An binne shi a harabar makarantar, kusa da kabarin Booker T. Washington. A watan Yulin shekarar gwamnatin Amurka ta mai da gonar Moses Carver, inda aka haife shi bawa, wurin tarihi na ƙasa, karo na farko da aka yi wa baƙar fata haka.